Sha Takwas ga Wata

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma abu ɗaya na riƙa nanata wa yara har suka sa mini suna da shi. In kana son sanin abin da ke jawo matsala, ka canja abu ɗaya tak, ka bar sauran yadda suke, sannan ka duba. Malama Ɗaya-Tak suke kirana a bayan idona. Na fara da wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da jahilci a kan abin da zan faɗa.

Maigidana tafinta ne a kotu. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yau ba wanda ke kiransa da wani suna a layinmu sai Tafinta. Da bakinsa ya ciyar da mu. Harshe huɗu yake ji, kuma in ka yi kuskuren kalma a gabansa, ko a gidan makoki ne sai ya gyara maka. Wata safiya yana ɗaura agogo ya zame daga bakin gado. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa, "to". Da ita yake neman ruwa, da ita yake ƙin magani, da ita yake zagina in ya ga dama.

Asibitin da ke da masu koyar da magana tafiyar awa huɗu ne daga gidanmu, mu kuma a hawa na uku muke, benen ba lif. Sai aka ba mu gurbi ta bidiyo, Litinin da Alhamis, ƙarfe goma na safe. Likitar maganar wata matashiya ce mai gilashi, ba ta da yawan surutu. Ranar farko ta gaya mini gaskiya ba kwana-kwana.

"Malama, watannin farkon nan su ne komai. Abin da bai dawo ba a cikinsu, da wuya ya dawo. Kuma akwai mutum ashirin da wani abu suna jiran gurbin nan."

Sabis na waya a ɗakunanmu sai ka leƙa ta taga kake samunsa, saboda dogon ginin da aka yi a gabanmu. Don haka da Babba ya zo, ɗanmu na fari da ke aiki a ƙasar waje, ya sa aka jawo mana intanet na gida. Kwana biyar ya yi. A cikinsu ya sa hannu a takardar kamfani, ya ɗora farin akwatin intanet a kan teburin falo, ya sayo kwamfutar hannu, ya ɗauko mai jinya. Ranar da zai koma ya hau kujera ya kafa wata 'yar kyamara mai kamar ƙwai a saman kabad ɗin ɗakin mahaifinsa.

"Mama, duk inda nake zan riƙa ganin Baba. Kamar ina gida."

"Kamar kana gida," na ce.

"Kuma intanet ɗin mara iyaka ne. Ku yi ta amfani, ba ya ƙarewa."

Na taɓa koyar da yara cewa ba abin da ba ya ƙarewa, amma yana riƙe da jakarsa mota na jiransa, sai na bar maganar.

Mai jinyar ta kusa shekara arba'in. Tana da manyan 'yan kunne da dariyar da ake ji tun daga matakala. Ba ta kwanta mini ba, kuma ba zan ɓoye dalili ba. A gidan da ni kaina nake takawa a hankali, ita sai ta shigo tana kiran mijina "Baba na kaina". Da rana in ya yi barci, ta zauna a kicin ta jingina wayarta da tulun sukari tana kallon fim mai dogon zango, tana yi wa 'yan wasan faɗa.

"Ki bar shi mana, 'yar banza. Ba kya ganin ƙarya yake miki?"

Amma a lokacin darasi ita ke zama a hagunsa ta riƙe madubi, don ya ga leɓen likita a allo ya kuma ga nasa. Bayan darasi kuwa ta fito da wata dabara da ba likita ce ta koya mata ba. Sai ta ɗaga kofi ta ce, "Baba, ga takalminka." Fuskarsa ta murtuke. Ta sake cewa, "Sha shayi a takalmi, Baba." Sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi, tafintan da ke cikinsa ya kasa haƙuri, leɓensa na rawa, har ya fitar da "ko… ko…". A mako na uku ya ce "kofi" cikakke, cikin fushi, kamar yana gyara wa lauya. Ta tafa hannu ta yi dariyar nan tata. Ni ina bakin ƙofa, na ji daɗi, na kuma ji wani abu da ba daɗi ba.

Ranar sha takwas ga watan farko intanet ya fara jan ƙafa. Ana cikin darasi fuskar likita ta tsaya cak, baki a buɗe, sai wata 'yar da'ira ke ta juyawa a kan hancinta. Muryarta ta riƙa zuwa guntu-guntu, leɓen kuma ya biyo baya bayan an gama maganar. Mutumin da ake koya wa magana ta kallon baki, aka raba masa baki da murya. Haka muka yi har ƙarshen wata. Ranar ɗaya ga sabon wata komai ya dawo daidai, muka ce matsalar kamfani ce, ta wuce.

Wata na biyu, ranar sha takwas, sai ga da'irar ta dawo.

Na sa takalmi na nufi ofishin kamfanin. Wuri ne mai sanyi, da kujerun roba a jere da injin fitar da lamba. A bango an manna hoton wata iyali suna ta dariya a kan kujera, an rubuta MARA IYAKA da haruffan da suka fi kan uban gidan girma. Da lambata ta fito na zauna gaban wani ma'aikaci mai katin aiki a wuya. Ya danna kwamfuta, ya gyaɗa kai.

"Kun wuce ƙa'ida ne, Mama. Giga ɗari uku ne a wata."

"Ga shi can a bango an ce mara iyaka."

"Mara iyaka ne. Sai dai akwai ƙa'idar amfani bisa adalci."

"Adalci ga wa?"

"Ga sauran masu amfani da layin. Kar gida ɗaya ya cinye wa kowa."

"To su sauran, in ba su cinye nasu ba, ana kawo mana ragowar?"

Ya yi murmushin da ake koya musu. "Ai ba a yanke muku ba, Mama. Gudun kawai aka rage."

"Ɗana, in na ce maka ka sha ruwa iya son ranka, sannan na ce ta ramin allura za ka sha, me za ka kira ni?"

Ya ce shi ba shi ya rubuta ba. Ya juyo mini da allon ya nuna mini sakin layi na goma sha ɗaya, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gishiri. Na ce a ƙara mana. Ya ce yarjejeniyar da sunan ɗana take, shi kaɗai zai iya canja tsari. Na ce to me ke cinye giga ɗari uku a gidan tsofaffi biyu, ɗaya ma ba ya iya riƙe cokali? Ya ce su ba sa ganin cikin gidan mutum, jimla kawai suke gani. Ya rubuta mini wata lamba a bayan katinsa, wadda in na danna a waya za ta nuna mini abin da aka ci. Har na miƙe ya ƙara da cewa:

"Yawanci dai fina-finai ne, Mama. Akwai mai kallon fim a gidan?"

Na ce akwai.

Da yamma na kira Babba a waya na gaya masa yadda muka yi. Ban ce ita ce ba. Na dai jera masa maganar yadda ba zai iya zuwa ko'ina ba sai wurinta.

"Dama na sani," ya ce. "Ba sai an ƙara tsari ba, Mama. Ko dubu aka ba ta za ta cinye. Ana biyanta ta kula da Baba, ta mayar da gidan silima. Ba ni ita."

Tana ɗauraye kwanuka. Na sa wayar a lasifika na ajiye a kan tebur. Ya yi magana a natse, da ladabin mutanen ofis, ya gode mata, ya ce ƙarshen wata ta tsaya haka. Ta saurara har ya kashe. Ta goge hannunta a tawul, ta dube ni.

"Malama, ke ma haka kika gani?"

"Lissafi ne ya nuna," na ce.

Ban yi lissafin komai ba. Lambar da aka ba ni tana cikin jakata, ko sau ɗaya ban danna ta ba. Ma'aikaci ya ce yawanci, ɗana ya ce dama ya sani, ni kuma ina da mace mai dariya a kicina. Da ɗaliba ce ta kawo mini irin wannan sakamakon, da jan biro zan ratsa shafin daga sama har ƙasa.

Ranar ƙarshenta ta yi masa wanka, ta yanke masa farce, ta ce, "Baba na kaina, sai wata rana." Ya ce "to". Ta kife madubin a kan teburin gefen gado ta sauka. Ban ji dariya a matakala ba.

Aka turo mana wani dattijo daga kamfanin jinya, mai zuwa awa ɗaya da safe ya ɗaga shi, ya wanke shi, ya tafi. Mutumin kirki ne, amma ko da bango ba ya hira. Madubi ya dawo hannuna. Ni kuwa malama ce, kuma malama na zama masa. "Sake. A'a, ba haka ba. Buɗe baki. Sake." Na ga yana kallon taga. Rannan na ɗaga kofi na ce, "Ga takalminka." Ya dube ni, irin duban da ake yi wa babba in ya sa kayan yara. Shekara arba'in da shida muna tare, ya san ba na kuskuren kalma, ya kuma san daga inda na aro wannan. Bai ce komai ba, ko "to".

Wata na uku, sha takwas ta zo ta wuce lafiya lau. Na tuna har shayi na ƙara wa sukari ranar. Sha tara ma haka. Ranar ashirin, Lahadi, saƙo ya shigo wayata: kun kai ƙa'idar wannan wata, za a rage gudu har zuwa ɗaya ga wata mai zuwa, mun gode da kasancewa tare da mu.

Na zauna a bakin kujera da wayar a hannu. Kwana biyu. Abin da muka samu ke nan da muka kore ta.

Litinin darasi bai yiwu ba. Minti goma sha biyar muna kallon da'ira, sai likita ta kira ni a waya, na leƙa ta taga don in ji ta.

"Malama, wata uku ke nan ana rasa kusan rabin darussa. Na yi ta kare ku a wurin shugabana, amma ba ni da sauran abin faɗa. In na Alhamis ma bai yiwu ba, za a ba wani gurbin."

Talata da safe, bayan dattijon ya tafi, na yi abin da ya kamata in yi tun wata biyu da suka wuce. Na fito da katin ma'aikacin, na danna lambar, na rubuta adadin a bayan ambulan. Na kashe talabijin daga soket. Na jira awa ɗaya, na sake dannawa. Adadin ya ƙaru. Na kashe kwamfutar hannu. Awa ɗaya, ya ƙaru, kusan daidai da na farko. Na cire wayata daga intanet ɗin gidan gaba ɗaya. Yanzu ba abin da ke kallon komai a gidan, ba abin da ke sauke komai. Na tsaya a gaban farin akwatin. Koriyar fitilarsa tana ta ƙyaftawa ba hutu, kamar idon da ƙasa ta shiga.

Na fara zargin maƙwabta, don shi ne abin da kowa ke faɗa. Amma maƙwabtanmu na sama sun yi tafiya, na ƙasa kuma shago ne da aka rufe tun bara. Na ɗauko takardar yarjejeniya daga aljihun tebur, na sa gilashi, na sa gilashin ƙara girma a kan gilashin, na karanta sakin layi na goma sha ɗaya da kaina, kalma bayan kalma. Giga ɗari uku, in ji shi, na abin da aka sauke da abin da aka tura.

Da abin da aka tura.

Duk tsawon lokacin nan abin da ke shigowa gidan muke ƙirgawa, ni da ɗana da ma'aikacin. Mai allo muke nema, mai kallo. Ba wanda ya tambayi abin da ke fita. Na shiga ɗakin maigida. Yana kwance idonsa a rufe. A saman kabad 'yar kyamarar tana nan inda Babba ya bar ta, ta yi ƙura, tana kallonsa. Na jawo kujera, na hau da gwiwoyina na shekara saba'in da ɗaya, na laluba bayan kabad na zare filogin. Na sauko na koma falo. Fitilar ta tsaya cak, koriya, shiru.

Na jira awa ɗaya duk da haka, don na saba. Adadin bai motsa ba. Na mayar da filogin, fitila ta ci gaba da ƙyaftawa. Na sake zarewa.

Sai Laraba na samu Babba, yana cikin mota zai tafi aiki.

"Kyamarar nan taka, ina take kai hotunan?"

"Ma'ajiya ce a intanet, Mama. Tana ɗauka dare da rana, tana adanawa. Na sa ta a mafi kyawun hoto ma, don in riƙa ganin fuskarsa sosai."

"Ita ke cinye mana intanet."

Na ji ƙarar sigina na ƙyas-ƙyas a motarsa.

"Ba zai yiwu ba. Ai ba ta sauke komai."

"Turawa take. Ana ƙirga shi. Na gwada, na sake gwadawa. Yaushe rabonka da ka buɗe ta?"

"Mama, kin san yanayin aikina."

"Tambaya na yi maka."

"Makon farko ina dubawa kullum. Daga baya na canja waya, ban sake sa manhajar ba. Amma hankalina a kwance yake, na san tana nan."

Wata uku mijina yana barci, yana tari, ana juya shi, ana share masa baki, ana kwashe wannan duka da mafi kyawun hoto ana kaiwa wani ɗaki a wata ƙasa inda ba mai kallo. Kuma don a yi haka aka hana shi ganin leɓen mai koya masa magana.

"To ai an gano yanzu, alhamdu lillahi," in ji Babba. "Ita kuma matar, gaskiya dai tana kallon fim ɗin, ba ƙarya aka yi mata ba."

"Kwana biyu take ci a wata. Kai kana cin goma."

Ya ce zai kira ni in ya isa ofis.

Alhamis, ƙarfe goma. Har yanzu muna cikin horon kamfani, amma da aka cire kyamara ɗan abin da suka bar mana ya isa. Hoton bai yi kyau ba, sai dai baki da murya sun zo tare. Wato ko a watannin baya, da na hau kujerar nan, da ba mu rasa darasi ko ɗaya ba. Na riƙe madubi. Likita ta ɗaga hoton kofi.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya dubi allon. Ya juya kansa a hankali zuwa hagu, inda kujerar mai jinya take, ya dawo da shi.

"Kofi, Baba. Ka taɓa faɗa mini. Ko… fi."

Minti arba'in ta yi tana ɗaga hotuna. Ƙofa, hula, ruwa, agogo. Kalma goma sha ɗaya yake da su a ƙarshen wata na biyu, ni na rubuta su a jikin kalanda. Ranar ko ɗaya ba ta fito ba. Da lokaci ya cika ta cire gilashinta ta murza ido.

"Ina matar da ke zama kusa da shi?"

"Ta bar aiki."

"Darasina sau biyu ne a mako, Malama. Sauran kwana biyar ita ke yi. Zan riƙe gurbin zuwa Litinin. In ta dawo, ina da abin da zan rubuta wa shugabana. In ba ta dawo ba, akwai wata mai 'ya'ya uku da ta fara haɗa kalma biyu, tana jira tun watan jiya."

Ban yi mata gardama ba. Ita aƙalla ta gaya mini ƙa'idarta da manyan haruffa tun ranar farko.

Juma'a da hantsi na roƙi dattijon ya ƙara mini awa biyu, na hau bas. Mai kantin magani na layinmu ne ya kwatanta mini gidan da take aiki yanzu. Na same ta a bayan gidan tana shanya zanen gado, maƙalan shanya a bakinta. Ta cire su ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi jikin Baba. Ban yi doguwar shimfiɗa ba. Na gaya mata kyamara ce, na gaya mata ban yi lissafin da na ce na yi ba, na ce ta yafe mini. Na gaya mata maganar Litinin.

Ta karkaɗe matashin kai ta rataye.

"Kin san abin da ya fi ba ni mamaki, Malama? Kyamarar nan, tun ranar da na fara aiki na san tana kallona. Ko zama zan yi sai na gyara ɗankwali. Na ce a raina ba komai, in wata rana aka ce na yi wani abu, ga shaida nan a sama. Da ɗanki ya kira, ina ta jira ya ce ya duba ya gani. Ashe ba wanda ya duba."

"Ba wanda ya duba."

"Ni kuwa har hira nake mata. In Baba ya faɗi kalma sai in juya in ce, ka ji ko, Yaya?" Ta yi dariya, gajera, ba irin ta da ba.

"Ki dawo, 'yata. Ko na wata biyu."

Daga cikin gidan wata siririyar murya ta kira ta. Ta amsa da ƙarfi, "Ina zuwa, Inna ta kaina." Sannan ta juyo gare ni.

"Tsohuwar nan ba ta gani. Mako biyu ta yi tana ture hannuna kafin ta yarda ta ci abinci. In na tafi yau, me na yi mata? Abin da aka yi wa Baba ke nan." Ta ɗauki bokitin. "Ki gwada masa abin takalmin nan. Yana jin haushinsa sosai."

"Na gwada."

"Ki yi kamar da gaske kike. Ke matsalarki ba ki iya zama wawuya ba."

Ta raka ni bakin ƙofa, ta ce in gaishe shi.

Ranar Litinin aka ba mai 'ya'ya uku gurbin. An mayar da sunanmu ƙarshen layi, an ce wataƙila nan da wata takwas. Likita ta turo mini takardun atisaye masu hotunan baki, na manna su a bango kusa da kalanda. Kullum da safe ina ɗaga kofi. Wani lokaci yana kallona, wani lokaci taga.

Intanet kuwa yanzu ba abin da ya kai shi gudu. Sha takwas ga wata ta zo ta wuce, ashirin ma, talatin ma. Na danna lambar ranar ƙarshe don in gani, giga ashirin da shida muka ci. Sauran ɗari biyu da saba'in da huɗu ban san wa aka ba ba. Kamfanin ya turo saƙo yana tambaya ko zan ba su tauraro nawa cikin biyar.

Jiya Babba ya kira ta bidiyo. Hoton ya fito tas, har furfura biyu na gani a gemunsa da ban san da su ba. Na jingina kwamfutar da filo a gaban mahaifinsa.

"Kin gani ko, Mama? Yanzu komai ya gyaru." Ya matso da fuskarsa. "Na bincika, ashe ana iya rage ingancin hoton kyamarar, ba za ta ci komai ba. Ki mayar da ita, don Allah. Hankalina ya fi kwanciya in tana nan."

Kyamarar tana cikin aljihun tebur, na naɗe ta da wayarta, a kan takardar yarjejeniya.

"Baba, kana ganina da kyau? Ka ce wa Mama ta mayar, ko?"

Tafinta ya daɗe yana kallon ɗansa. Leɓensa ya motsa, na matso da kunnena.

"To," ya ce.